Gidan Baba a Madani: an zare wayoyi, ɗaki ɗaya ya rufta, ta ina ake farawa?

Ɗan_Madani78
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na dawo Madani, a jihar Jazira ta Sudan, daga Gadarif don in duba gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Tun da garin ya faɗi a yaƙin nan a Disambar 2023 ba wanda ya kwana a ciki. Baba ya gina shi ne da kuɗin auduga shekaru kusan hamsin da suka wuce: ɗakuna uku na jan bulo da aka ɗora da laka, salo (falon baƙi) mai rufin agad (bulo da aka jera kamar baka tsakanin ƙarafuna), sai ɗakin Inna na jalus (ginin ƙasa) a ƙuryar gida.

Abin da na tarar shi ne, babu waya ko taku ɗaya. Inda ta ƙi zaruwa an fasa bango an ciro ta. Mita babu, akwatin fis babu, fankoki babu. Ɗakin baya wuta ta ci shi, rufin ya zubo ciki, ɓaraguzai sun kai gwiwa, har sun toshe hanyar banɗaki. Yayana da ke Jidda ya turo abin da ya sawwaƙa, amma ba zai ishi komai da komai ba, ga damina ta ƙarato, Inna kuma ta ce ita a ɗakinta take so ruwan farko ya same ta.

Masu gyaran wuta biyu sun duba. Ɗaya ya ce a bi da waya ta saman bango a gama da wuri. Ɗayan ya ce a sassaƙe bango a binne bututu yadda ake yi a sabon gini. Wanne ya fi? Kuma ɓaraguzan nan, in kira masu karo (keken jaki) su kwashe kawai?

Hajiya_Sinnar
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗana, ya jiƙan mahaifinku. Tunda bango na tsaye ai da sauran magana.

Abu_Hafsa_Umdurman
Ɗan'uwa, ajiye maganar waya tukuna. Kada ka sa shebur a cikin tarin nan, kada ka bar kowa ya sa, sai an tabbatar da abin da ya rusa ɗakin. Ɗakin da wuta ta ci kuma rufinsa ya zubo, a garin da aka yi yaƙi, ana ɗaukarsa ne a matsayin wurin da wani abu ya faɗa. Ba duk abin da aka harba ne ke fashewa ba. Wani yana kwance ƙarƙashin ƙasa da buraguzan bulo, ya yi tsatsa, ka ɗauka guntun bututu ne.

Abin da masu aikin kwance nakiyoyi ke ta nanata mana a nan: kada a taɓa, kada a matsar, kada a jefe shi da dutse don a gwada. A yi wa wurin alama daga nesa, a hana yara zuwa, a kai rahoto ga hukuma. Akwai cibiyar ƙasa mai kula da nakiyoyi, suna aiki tare da UNMAS ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Je wurin 'yan sanda ko kwamitin unguwa su haɗa ka da su.

Ɗan_Madani78
Na gode Abu Hafsa. Kwankon harsasai kawai na gani a tsakar gida, yaran maƙwabta ma sun tsince mafi yawa. Maƙwabcinmu da bai bar unguwar ba ya ce shi a saninsa girki aka riƙa yi a ɗakin da ƙofofinmu har wuta ta kama azara.

Abu_Hafsa_Umdurman
To Allah ya sa hakan ne. Amma bai kwana a ɗakin ba, ji ya yi. Kuma maganar yaran nan ta fi tayar mini da hankali. Masu sayen tsohon ƙarfe suna biya da kilo, yaro kuwa ba ya bambance kwanko da wanda bai tashi ba. Ka yi wa iyayensu magana yau. Sannan kada ka tara shara ka cinna mata wuta a tsakar gida yadda muka saba, zafi na tayar da abin da ke kwance.

Usta_Garba_Lantarki
Maganar Abu Hafsa ita ce ta farko, babu ja. Bayan ita, ni sana'ata ce, bari in faɗi abin da na sani.

Waya ita ce kusan ƙarshen aiki. A kwashe ɓaraguzai, a gyara rufi, a ɗinke bango, sannan mai wuta ya shigo kafin mai yaɓe. Wanda ya sa waya a gidan da rufinsa ke yoyo zai sake saye.

Duk guntun tsohuwar waya da ya rage a bango, a cire shi. An ja ta da ƙarfi, robar ta yage a ciki inda ido ba ya gani. Kada wani ya ce maka zai ɗaura sabuwa a kan tsohuwa ya naɗe da salatif.

Kauri kuma kada a yi wasa da shi. Fitilu da fankoki waya mai milimita 1.5, bireka mai amfiya 10. Soket-soket 2.5, bireka 16 ko 20. Na'urar sanyaya ɗaki mai gas, in da niyyar sawa nan gaba, a ja mata layinta ita kaɗai da waya mai 4. Daga mita zuwa akwati kada ta gaza 10. Bireka wayar yake karewa, ba kayan da ka jona ba, saboda haka in ka sa babban bireka a kan siririyar waya, wayar za ta narke shi yana nan bai faɗi ba. Kuma lissafin da ke cikin littafi an yi shi ne a kan zafin digiri 30. Ƙarƙashin kwano a Madani cikin watan Mayu ya wuce haka nesa ba kusa ba, don haka wayar da za ta bi ta ƙarƙashin rufi gara a ƙara mata kauri, kuma kada ta taɓa kwanon.

A kan tambayarka, ni binnewa na fi so. Aiki ne na shekara talatin.

Bakano_Fagge
Sannunku da haƙuri 'yan'uwa, muna ta yi muku addu'a daga nan Kano. Ni ma binnewa na sani, waya a saman bango ai sai shago. Amma tambaya nake, me ake yi da wayar gida har a fasa bango saboda ita?

Wad_Hantub
Jan ƙarfen ciki, Malam. A ƙona robar, a dunƙule, a sayar da kilo. Ba gidaje kaɗai ba, har taransifoma ake farkewa a kwashe na cikinta. Shi ya sa unguwanni da yawa ko ka gyara gidanka wutar ba ta iso ba. Ni dai @Usta_Garba_Lantarki ban yarda da kai ba a nan. Waɗanda wayarsu ke saman bango, waya kawai suka rasa. Mu da muka binne mun rasa waya mun rasa bango.

Usta_Garba_Lantarki
Ba a gina gida da lissafin ɓarawo zai dawo, Wad Hantub. In haka ne ai ƙofa ma ba za a sa ba.

Injiniya_Rabi
Salamu alaikum. Usta, da izininka zan shigo, don ni damuwata bangon ce. Yaya Ɗan Madani ya ce bulon da laka aka ɗora shi, ba da siminti ba. Irin wannan ginin nauyinsa ne ke riƙe da shi. In aka sa guduma da kurfi ana sassaƙa, girgizar kaɗai tana saki bulo daga mazauninsa, balle bangon da aka riga aka farfasa aka kuma bar shi damina ba mai kula. Mafi muni shi ne sassaƙar kwance, wadda ke bin tsawon bango, domin tana rage kaurin da ke ɗauke da rufi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Sannan ƙasar Jazira kowa ya san ta, baƙar laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe. Gidajen Madani da yawa suna motsi kaɗan tsakanin rani da damina. Kafin a yanke shawara a duba tsagar da ke jikin bango. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, daga tushe take. Hanya mai sauƙi: a shafa ɗan farin jibis (garin filasta) a kan tsagar a wurare biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. In jibis ɗin ya tsage, bangon yana tafiya har yanzu, kuma yaɓe ba zai tsayar da shi ba.

Rufin agad na salo kuma, a hau a duba bakin kowace kamara, wato ƙarfen da ke ɗauke da rufin, inda ta shiga bango. Nan ruwa ke kwanciya, nan tsatsa ke cin ƙarfe. Ɓangaren da ya haɗa bango da ɗakin da ya ƙone a duba shi sosai. Kamarar da ta lotsa ko ta murɗe saboda zafi ba a miƙe ta a mayar, canzawa ake yi. In akwai kankare a wurin kuma ya koma ruwan hoda, alama ce zafin ya haura digiri 300, ƙarfinsa ya ragu, a ƙwanƙwasa a ji ko yana amsawa kamar fanko.

Shawarata: a yi amfani da ramukan da aka riga aka fasa, tunda ko ta yaya sai an cike su. Inda babu rami, a bi da bututun roba a saman bango a kama shi da kyau.

Usta_Garba_Lantarki
Injiniya, ban ce a sa guduma ba. Da injin yanka ake yi, layi biyu a tsaye daga sama zuwa makunni, zurfin bututu kawai. Amma maganar sassaƙar kwance gaskiyarki ce, a bangon laka ni ma ba na yi. Sai dai ramukan ɓarayi ba a miƙe suke ba, sun bi duk inda waya ta bi, tsofaffin masu wuta kuwa har a karkace suke ja. In an binne waya a karkace, gobe wani ya zo kafa ƙusa ya same ta. Doka ita ce daga makunni ko soket a tafi sama sak ko ƙasa sak, don kowa ya san inda take.

Injiniya_Rabi
Na karɓa. Wanda ya miƙe a yi amfani da shi, wanda ya karkace a cike shi kawai.

Sale_Kasala
Ni wata shawara gare ni. Me zai hana a sa wayar alminiyom? Ta fi araha kuma ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kanta.

Usta_Garba_Lantarki
Daga turke zuwa mita ana sa ta, mai kauri, da maƙalai nata na musamman. Cikin gida a'a. Wutar da take ɗauka ba ta kai abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka ba. Kuma tana da taushi, in ka ɗaure ta da sukurun soket, da zafi da sanyi sai ta saki, wurin ya fara ɗumi, ya yi baƙi, wata rana ya kama.

Abin da ya fi wannan haɗari ma shi ne wadda ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka shafa mata ja. Ta cika kasuwa yanzu saboda kowa na neman waya lokaci guda. In za ka saya, ka tafi da reza da ashana. Kankare silin, in fari ya fito a ciki ka ajiye. Ko ka kunna wa sili ɗaya wuta: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Ɗaga naɗin ma ka ji, na gaske yana da nauyi. Ka kuma duba tsawon, ba kowane naɗi da aka rubuta wa mita 100 ne yake cika ba.

Malam_Isa_Gadarif
Ku yi mini afuwa zan ɗan kauce. Ɗan Madani, ka ce gidan mahaifinku ne kuma ya rasu. An raba gado? In ba a raba ba, gidan na dukkan magada ne, har da mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata. Kuɗin da yayanku ya turo, kyauta ce ga gidan ko bashi ne a kan gado? A faɗa yanzu, a rubuta, a sa shaidu biyu. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a ƙarshen Baƙara. Na zauna sulhu a kan irin wannan ba sau ɗaya ba: wanda ya gyara yana ganin ya fi kowa haƙƙi, waɗanda ba su gyara ba suna ganin an yi musu wayo. Kuma ka nemi takardun filin. In sun ɓace ko sun ƙone, ka fara bin sabuwar shahadar bahas, wato takardar shaidar mallakar fili, a ofishin filaye tun kafin ka zuba kuɗi.

Ummu_Nana
Allah ya saka, Malam. Mu mata sau da yawa sai an gama gini ake gaya mana, a ce ai ku kuna gidan miji.

Ɗan_Madani78
Malam, ba a raba ba, mu bakwai ne da Inna. Takardu suna wurin Inna, da su ta fita a ƙugunta ranar da muka bar gari. Zan haɗa kowa a waya daren Juma'a in sha Allah. Ummu Nana, ƙannena mata biyu su ne ma suka fi matsa mini a gyara.

Sale_Kasala
To tunda ana maganar kuɗi, ni da ni ne ɗakin jalus ɗin zan rushe gaba ɗaya in huta. Kowace shekara sai an yi masa zibala (yaɓen kashin dabbobi da ƙasa), ga gara, ga ba ya riƙe soket. A tayar da na bulon siminti.

Baba_Mai_Wurno
Yaro, ba ka kwana a ɗakin jalus da azahar ba ne? Bulon siminti da kwano tanda ne in babu wuta, wutar kuwa yanzu ba ta da tabbas. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin Nilu a nan Sudan, da ƙasa suka yi gini, kuma akwai ɗakunan ƙasa a garinmu da suka girmi duk wanda ke zauren nan. Ginin ƙasa abu biyu yake so, a tsare masa kai a tsare masa ƙafa. Indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, gindin kuma a ɗaga shi kada ruwa ya kwanta. Ɗan Madani, in ɗakin mahaifiyarka bai tsage daga sama har ƙasa ba, ka nemo masu zibala tun yanzu kafin kowa ya farga, ka share indararo, ka bar mata ɗakinta.

Hajiya_Sinnar
Baba ya gama magana. Tsohuwar da ta yi gudun hijira ta dawo, kada ta tarar an share inda ta haifi 'ya'yanta.

Usta_Garba_Lantarki
Ɗakin jalus ba ya hana wuta. Nan kam saman bango za a bi, cikin bututu. Ana binne guntun katako a bango a ɗaura akwatin makunni a kai. Fitila ɗaya, fanka ɗaya, soket biyu, kuma a ɗaga soket ɗin sama sosai saboda damshin gindin bango da kuma jikoki.

Wad_Hantub
Mu koma kan ɓaraguzai, don ba a amsa masa sosai ba. Bayan masu duba nakiya sun ce babu komai, kada ka biya karo ya kwashe duka, asara ce. Bulon da aka ɗora da laka yana fita lafiya, a kankare shi da bakin cebur a jera gefe, da shi za ka ɗinke inda aka fasa, kuma girmansa ɗaya da na bangon. Na masu gasa bulo na yanzu ba lallai ya zo daidai da na da ba. Gutsattsarin kuma a daddaka a cike tsakar gida da bakin ƙofa, tunda titunanmu kullum tashi suke gidaje na nutsewa. Abin da za a fitar shi ne toka, robar da ta narke, gilashi, katifun da suka ƙone. Kuma ka bi mai karon ka ga inda zai zubar. In ka bar shi, kwalbatin farko da ya gani nan zai juye, ruwan Agusta ya dawo da shi ƙofar gidanka.

Dakta_Hauwa_Kosti
Ƙari a kan na Wad Hantub. A yayyafa ruwa kafin a fara kwasa don ƙura ta kwanta. Masu aiki su sa takunkumi na gaske, N95 in an samu, rawani ko gyale ba ya tare ƙurar bulo da toka. Takalmi rufaffe da safar hannu, saboda ƙusa mai tsatsa da kunama, kuma wanda ya ji rauni a tambaye shi yaushe rabonsa da allurar tetanus.

In akwai rufin asbestos a gidan, irin farin nan mai tudu da kwari da aka yi yayi a da, kada a fasa shi, kada a yanka da inji. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda. Cutarsa ba ta nunawa sai bayan shekaru masu yawa. Batiran da suka fashe ma a ware su, akwai dalma da ruwan batir, kada yara su taɓa.

Ramin masai da ya daɗe ba kowa a duba murfinsa kafin a taka ko a tura baro a kai. Tankin ruwa da randuna a wanke da sinadarin kulorin, saboda kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a ƙasar nan a Agustan 2024. Durom ɗin ruwan gini kuma a rufe shi, sauron dengi a ruwa mai tsabta yake ƙwai.

Ɗan_Madani78
Dakta, rumfar kicin ɗinmu irin wannan rufin ne, kuma gefe ɗaya ya riga ya karye.

Dakta_Hauwa_Kosti
To gutsattsarin a jiƙa a tsince da hannu cikin safa, kada a share da tsintsiya. Kuma kada ya shiga cikin abin da za a daddaka a cike tsakar gida.

Yaya_Jidda
Salamu alaikum. Ni ne yayan nasa, yanzu aka sa ni a zauren, na karanta tun daga sama. Allah ya saka wa kowa. Malam Isa, abin da na tura sadaka ce ga Baba, zan faɗa gaban kowa ranar Juma'a a rubuta. Tambayata ga Usta: in sayi waya da bireka da fankoki a nan in turo ta jirgin ruwa zuwa tashar Sawakin? Aƙalla na san abin da na saya.

Usta_Garba_Lantarki
Alhaji, waya da bireka da soket turo, ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, 230. Amma duk abin da ke da mota a ciki ka karanta jikinsa. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, tamu 50. Fanka ko firji ko famfon ruwa da aka yi wa 60 kaɗai zai yi gudu ƙasa-ƙasa a nan, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. In an rubuta 50/60 babu damuwa. Soket ɗinku mai ido uku masu kusurwa yana da kyau, yana da wurin wayar ƙasa, sai dai a sa iri ɗaya a duk gidan.

Abin da nake so ka saya ko da za ka bar wani abu shi ne bireka mai gane yoyon wuta, RCD, mai 30mA. Gidajenmu na da babu shi, babu ma wayar ƙasa. Ga shi muna amfani da mukayyif na ruwa (na'urar sanyaya ɗaki), akwatin ƙarfe ne da ruwa da wuta a wuri ɗaya, mata da yara ne ke zuba masa ruwa, sau da yawa ba takalmi. Bireka na yau da kullum ba ya faɗuwa don wuta ta bi ta jikin mutum, wannan shi ke faɗuwa. Yana da maɓallin gwaji, a riƙa dannawa lokaci-lokaci. Sai a kafa sandar ƙasa, a ja waya mai kore da rawaya zuwa kowane soket.

Bakano_Fagge
Mu nan gishiri da gawayi ake zubawa a ramin sandar.

Usta_Garba_Lantarki
Mu ma ana yi. Yana aiki da farko, amma gishiri na cin sandar da maƙalinta, ruwa kuma yana wanke shi. Na fi son sanda mai tsawo, ko biyu a haɗa, a kafa inda ƙasa ba ta bushewa, kamar kusa da wurin alwala. Sannan a auna da na'ura. Haka wayoyin ma, kafin a yaɓe bututu a kuma kafin a saki wuta, mai aikin ya gwada su da mega, na'urar auna lafiyar robar waya. In ya ce ba shi da ita, ya aro.

Wad_Hantub
Duk wannan fa sai in wutar ta zo. Tun da jirage marasa matuƙa suka fara kai wa tashar wutar Marawi hari a farkon 2025 ake ta ɗauke wuta a jihohi da dama, ga taransifomar unguwa babu. Ni da kuɗin Alhaji, faranti biyu na sola da batir da inbata zan fara saya. Fitila, fanka, cajin waya, Inna ta samu barci. Wayar gida duka ta jira.

Sale_Kasala
Faranti a kan rufi kuwa ai talla ce ga ɓarayi.

Injiniya_Rabi
Kuma kada a ɗora shi a kan agad ɗin nan kafin a duba kamarorin. Iskar habub (guguwar ƙura) tana ɗaga faranti in ba a ɗaure shi da ƙarfe ba.

Usta_Garba_Lantarki
Sola ba ta hana a yi waya daidai, ita ma ta cikin wayar za ta bi. Ga yadda za a rage kuɗi ba tare da an ɓata aiki ba: a sa akwati mai gurbi da yawa tun yanzu, a sa bututu ko'ina kafin yaɓe tunda roba ba ta da tsada, amma a zura waya a ɗakin Inna da salo da kicin kawai. Sauran a bar siririn ƙarfen ja a ciki, in kuɗi ya samu a zura. Layin fitilu da fankoki a ware shi daban don inbata ta ɗauke shi ita kaɗai.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: tsakanin inbata ko janareta da layin gwamnati dole a sa makunnin sauya layi. Masu cusa waya a soket su ba gida wuta ta baya, wutar tana fita har kan turke, ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layi a mace yake. Mita kuma kada ka sayi ta hannu, ka je ofishin wuta da lambar tsohuwar mitarku su san an sace ta.

Ɗan_Madani78
Na je wurin kwamitin unguwa da safe, sun rubuta gidanmu cikin waɗanda za a duba, na kuma ɗaure ƙofar ɗakin baya da waya na gaya wa maƙwabta. Na shafa jibis a tsaga uku yadda Injiniya ta ce. Masu zibala za su zo ɗakin Inna tunda shi yana nesa da tarin. Kan waya ina ganin zan bi tsarin Usta na ƙarshe, ɗakin Inna a saman bango, salo a cikin ramukan da suka miƙe.

Wad_Hantub
Salon ma da ka bar shi a sama har a ga yadda ƙasar za ta kasance. Ra'ayina bai canza ba.

Injiniya_Rabi
Kada a yaɓe bangon da ke da jibis sai ruwa ya sauka sau biyu ko uku an ga abin da ya yi. Ka turo hoton bakin kamarorin ta ɓangaren ɗakin da ya ƙone, daga kusa, da rana.

Ummu_Nana
Usta, ni ma tambaya. Namu gidan a Hasahisa ba a zare wayar ba, amma ruwa ya shiga ɗakuna ya kai kusan rabin bango, soket duk sun nutse. Su ma sai an canza duka, ko in sun bushe shi ke nan?